Awon Nauyi Bisa Tsawo Da Lafiyar Tsofaffin Mata

Darasinmu na kiwon lafiya a wannan fitowa ya shafi wani lissafi ne da likitoci ke yi don su san ko nauyin mutum ya dace da tsawonsa. Turawa suna taƙaita sunansa da haruffa uku, BMI, mu kuwa a nan za mu riƙa ce masa awon nauyi bisa tsawo. Da yawanku kun gamu da shi a littattafan kiwon lafiya, waɗansu kuma a wayar hannu, inda mutum zai sa nauyinsa da tsawonsa, nan take a ce masa ya yi ƙiba ko ya rame. Abin da ya sa za mu tsaya a kan tsofaffin mata kuwa shi ne, su ne wannan lissafi ya fi yi wa kuskure, su ne kuma ke cutuwa in an bi kuskuren. Malamin makaranta in ya koma gari, ba yara kaɗai za su riƙa yi masa tambaya ba. Shi za a kai wa takardar asibiti ya karanta, shi za a tambaya ko ya kamata Kaka ta rage cin abinci. Lalle ne ya san abin da zai ce.

Ga yadda a ke yin lissafin. A auna nauyin mutum da kilo. A auna tsawonsa da mita, ya tuɓe takalmi, ya jingina bayansa da bango, in mace ce kuma kada a haɗa da tudun ɗaurin ɗankwali. Sa'an nan a ninka tsawon da kansa, a raba nauyin da abin da aka samu. Misali, a ce mace tana da nauyin kilo 60, tsawonta kuma mita 1.60. In ka ninka 1.60 sau 1.60 za ka sami 2.56. Raba 60 da 2.56, amsa ita ce 23.4. To, wannan 23.4 ita ce lambarta. Wanda sikelinsa na laba ne, tsawo kuma da inci ya auna, sai ya fara ninka nauyin sau 703, kana ya raba da tsawon da aka ninka da kansa. Laba 132 da inci 63 su ma 23.4 za su ba shi. Ɗan aji shida na firamare, in dai ya iya lissafin ɗigo, zai iya wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa manyan mutane kashi huɗu bisa wannan lamba. Wanda bai kai 18.5 ba a ce nauyinsa ya kasa. Daga 18.5 zuwa 24.9 a ce daidai ne. Daga 25 zuwa 29.9 a ce nauyi ya yi yawa. Daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai iya jawo cuta. Wannan jadawali shi ne za ku gani manne a bangon ɗakin shan magani, kuma babu wani layi na dabam a cikinsa don 'yar shekara 25 da 'yar shekara 75. Nan ne matsalar ta ke.

Ya kyautu mu san inda lissafin ya fito. Wanda ya fara yinsa ba likita ba ne. Wani masanin lissafi da taurari ne na ƙasar Beljiyam, sunansa Adolphe Quetelet, wanda ya rayu daga 1796 zuwa 1874. A wajen shekarun 1830 yana neman ya san siffar matsakaicin mutum, sai ya lura da cewa nauyin manya yana tafiya ne tare da tsawonsu in an ninka shi da kansa. Ba don ya ba wani majinyaci shawara ya yi ba. Sunan da a ke kiran awon da shi yau kuwa, wani Ba'amurke ne mai suna Ancel Keys ya raɗa masa a 1972, bayan ya gwada shi a kan mutum fiye da 7,000 daga ƙasashe biyar. Dukansu maza ne, babu mace ko ɗaya. Awon yana da amfani ƙwarai in ana so a kwatanta jama'ar wata ƙasa da ta wata, gama ba shi da tsada, sikeli da tef kawai ya ke bukata. Amma bai san bambancin tsoka da kitse da ƙashi da ruwa ba. A 2023 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ja hankalin 'ya'yanta da kada su dogara gare shi shi kaɗai, su haɗa shi da waɗansu awo kamar na ƙugu.

Abin da tsufa ke yi wa lissafin

Abu na farko, tsawo yana raguwa. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai guringuntsi mai laushi, wanda ke bushewa ya lotse in shekaru sun ja. Ga mata kuma ƙashin kansa yana yin rauni bayan jinin al'ada ya ɗauke, har waɗansu ƙasusuwan baya su danne, shi ya sa ku ke ganin tsohuwa ta ranƙwafa. Wani bincike da aka daɗe ana yi a birnin Baltimo na Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 1999, ya nuna cewa daga shekara 30 zuwa 70 mace takan rasa kamar santimita 5 na tsawonta, in ta kai 80 kuwa kamar santimita 8. Na maza bai kai haka ba, santimita 3 ne da 5.

Bari mu koma ga matar nan tamu mai kilo 60. Tana 'yar shekara 30 tsawonta 1.60, lambarta 23.4. Ta kai 70, tsawonta ya koma 1.55. Ninka shi da kansa, 2.40. Raba 60 da wannan, ka sami 25.0. Ta kai 80, tsawo 1.52, lamba ta zama 26.0. Kun ga ke nan, ba ta ƙara ko rabin kilo ba cikin shekara hamsin, amma jadawali ya fitar da ita daga sahun masu daidai ya sa ta cikin masu nauyi da yawa. Wanda bai san wannan ba sai ya ce Kaka ta yi ƙiba, alhali gajarta ta yi. Sabo da haka in an san tsawon da mace ta ke da shi tun tana da ƙarfinta, ya kyautu a yi lissafin da shi ma, a kwatanta biyun.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, ko da ya ke ido ba ya ganinsa. Tsoka tana zagwanyewa a hankali. Daga shekara 30 mutum yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a ko wace shekara goma, bayan 60 kuma abin yakan ƙara sauri. Sau da yawa kitse ne ke maye gurbin abin da ya tafi. Sikeli kuwa ba ruwansa, kilo 60 na tsoka da kilo 60 na kitse duk ɗaya ne a wurinsa. Ana iya samun tsohuwa mai lamba 22, wadda jadawali zai yaba mata, amma cinyoyinta sun tsotse, ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango ko an kama ta. Ana kuma iya samun mai lamba 27 wadda har yanzu ita ke zuwa kasuwa da ƙafarta, ta ɗauki jika ta goya. Wanda ya tsaya ga lamba kaɗai, kallon kitse zai yi wa rogo.

Abu na uku, kitse yana ƙaura. Jinin al'ada yakan ɗauke wa yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55. A lokacin nan wani sinadari na jikin mata, wanda a ke kira istirojin, yana raguwa ƙwarai. Kafin haka kitsen mace ya fi taruwa a cinya da mazaunai, inda ba ya yin ɓarna sosai. Bayan haka sai ya riƙa taruwa a ciki, ya kewaye hanji da hanta. Wannan kitsen ciki shi ne abokin ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Awon nauyi bisa tsawo bai san inda kitse ya zauna ba.

Akwai kuma ruwa. Tsohuwar da ƙafafunta suka kumbura sabo da ciwon zuciya ko na ƙoda, sikeli zai nuna ta ƙara nauyi. Wannan ba ƙiba ba ce. In ka danna yatsa a ƙwaurinta wurin ya lotsa bai taso da wuri ba, asibiti za a kai ta.

To, wace lamba ce ta dace da tsohuwa? A 2014 waɗansu masana a ƙasar Ostareliya sun tattara bincike 32 da aka yi a kan mutane kusan 200,000 waɗanda suka kai shekara 65 ko fiye, aka bi rayuwarsu kimanin shekara 12. Suka tarar waɗanda mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu su ne masu lamba wajen 27, watau waɗanda jadawalin bango ke cewa nauyinsu ya yi yawa. Masu lamba 21 haɗarinsu ya ɗara na masu 23 da kashi 12 cikin ɗari, masu 20 kuwa da kashi 19. Ta ɓangaren sama, haɗarin bai fara hauhawa ba sai da aka wuce 33. Sabo da irin wannan sakamako ne likitocin tsofaffi da yawa ke ganin daga 23 zuwa kusan 30 ba abin damuwa ba ne ga wadda ta wuce 65. A ƙa'idar gane rashin isasshen abinci da manyan ƙungiyoyin masana abinci na duniya suka amince da ita a 2018 ma, wanda ya kai shekara 70 in lambarsa ba ta kai 22 ba, ana lissafa wannan cikin alamun tamowa. Ga macen da tsawonta mita 1.55 ne, jadawalin bango zai ce daga kilo 44 zuwa 60 ne daidai. Amma in ta tsufa, kilo 55 zuwa 70 ya fi kusa da abin da a ke so, kilo 45 kuwa abin dubawa ne.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Jikin tsohuwa kamar rumbu ne. Ranar da zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita, ko ciwon huhu, ko ta faɗi ta karya ƙashin kwatangwalo, za ta yi kwana da kwanaki ba ta cin abin kirki, jiki kuwa daga ajiyarsa zai ci. Mai ɗan abu a rumbu ta fi mai wofi damar tashi. Ban da haka, ɗan nauyi yana taimakon ƙashi ya riƙe ƙarfinsa, naman kwatangwalo kuma yana rage zafin faɗuwa. Sai dai a lura da abu guda. Waɗansu daga cikin ramammun da aka ƙidaya a binciken, cuta ce a ɓoye ta ramar da su, ita ce kuma ta kashe su. Don haka ba a ce a je a ɗura wa siririyar tsohuwa mai lafiya abinci don ta kai 27 ba. Wadda tun tana budurwa siririya ce, tana cin abincinta, tana aikinta, a bar ta yadda Allah ya halicce ta. Abin da aka ce shi ne, kada a tsananta wa mai 26 ko 28 ta rage, in dai ba likita ne ya ga dalili ba.

Ramewar da ba a nema ba

A ganina wannan shi ne sashen darasin da ya fi cancanta ku riƙe. Yadda nauyin tsohuwa ke tafiya ya fi lambarta ta yau faɗin gaskiya. In ta rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinta a tsakanin wata shida zuwa shekara guda, ba tare da ta nemi haka ba, lalle likita ya duba ta, ko da kuwa har yanzu tana da jiki. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan kawai. Ba shi da yawa, shi ya sa mutanen gida ba sa lura, in ma sun lura sai su ce ai tsufa ne. Tsufa shi kaɗai ba ya zubar da kilo uku huɗu a 'yan watanni.

Abubuwan da ke jawo haka suna da yawa. Ciwon sukari yana ramarwa, alamarsa kuwa yawan ƙishirwa da yawan fitsari, har da dare. Tarin fuka yana ramarwa, duk tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada majina, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Akwai ciwon daji, da ciwon ƙoda, da cutar maƙoƙo irin wadda ke sa zuciya bugawa da sauri. Waɗansu magunguna suna kashe sha'awar abinci. Amma sau da yawa dalilin yana cikin gida ne, ba ya bukatar na'ura kafin a gano shi. Haƙora sun zube, an kawo mata teba da ganda ko nama mai tauri, ta taɓa ta ture. Mai gidanta ya rasu, ba ta da abokin hira, abinci ya fita ranta. Ta fara mantuwa, ba ta san ko ta ci ko ba ta ci ba. Ga kuma halin da kowa ya sani na kakanninmu: a sa mata tsoka biyu a miya, jikoki su kewaye ta, ta raba musu, ita ta lashi romo. Ba za ta taɓa cewa ba ta ƙoshi ba, sabo da kawaici. Mai kai mata kwano ya riƙa duba abin da ya koma, ya kuma san cikin wa sauran ya shiga.

Ba ko wane gida ke da sikeli ba. Amma jiki magayi. Zobe ya fara juyawa a yatsa, awarwaro yana zamowa, zane yana bukatar ƙarin ɗauri, rigar Sallar bara ta yi yawa. Da tef ɗin tela ma ana iya gwadawa. A auna kewayen damtse a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. In bai kai santimita 23 da rabi ba, da alama lambarta ba ta kai 20 ba. A auna kuma sha-raɓa inda ta fi kauri, tana zaune. In ba ta kai santimita 31 ba, alama ce tsoka ta yi ƙaranci. Waɗannan awo biyu suna da amfani musamman ga wadda ta ranƙwafa ko ta ke kwance, wadda ba a iya auna tsawonta daidai.

Ƙiba mai cutarwa

Kada wani ya karanta abin da ya gabata ya ce ƙiba ba kome ba ce. A wurinmu in mace ta yi jiki sai a ce tana jin daɗi, 'ya'yanta suna kula da ita, har akan yi wa wadda ba ta yi ba gori. Amma in lamba ta wuce 30 tana neman 35, wahala ce. Gwiwa ce ke fara kuka, gama an ƙiyasta ko wane kilo ɗaya na jiki yana ɗora wa gwiwa kamar kilo huɗu a ko wane taku. Gwiwa ta yi ciwo, tafiya ta ragu, ƙiba ta ƙaru, tsoka ta ragu, abin ya yi ta zagayawa. Ga ciwon sukari, ga hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Bayan ɗaukewar al'ada kuma ƙiba tana ƙara haɗarin ciwon dajin mama da na mahaifa.

Awon ƙugu ya fi sikeli nuna wannan haɗari. A nemi tsakiya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, wajen cibiya ke nan ko sama da ita kaɗan, a zagaya tef bayan ta saki numfashi, kada a matse. Wannan aikin 'yan'uwanmu mata ne, ɗalibi namiji ya koya wa ƙanwarsa ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga mace haɗari yana farawa daga santimita 80, ya yi yawa daga 88. Akwai wata hanya da ta fi sauƙi, ba ta bukatar ko iya karatu. A ɗauki igiya a auna tsawon mutum daga ƙasa zuwa ka, a yanke, a ninka ta biyu, a zagaya ƙugu da ita. In bakin biyu sun haɗu, ƙugun bai wuce rabin tsawo ba, madalla. In ba su haɗu ba, teɓa ta fara yawa. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta karɓi wannan awo na rabin tsawo a 2022. Ita wannan hukuma ta kuma saukar da iyakokin awon nauyi bisa tsawo ga mutanen da asalinsu Afirka ne ko Asiya, ta mai da 25 ya zama 23, 30 kuma 27.5, domin ciwon sukari yakan kama su tun nauyinsu bai kai na Turawa ba. Binciken 2014 da muka ambata kuwa yawancinsa a ƙasashen Turawa aka yi. In muka haɗa biyun, abin da ya fito mana shi ne, ga tsohuwarmu mai lamba 27 ko 28, a duba ƙugunta, a gwada jininta da sukarinta, su ne za su raba gardama.

In likita ya ce a rage, to, a hankali za a yi, kada ya wuce rabin kilo a mako. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ya isa gwiwa da sukari su ji sauƙi, ba sai ta koma kamar amarya ba. Dalilin bi a hankali shi ne, in mutum ya rage nauyi ta hanyar ƙin cin abinci kaɗai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zube ba kitse ba ne, tsoka ce da makamantanta, ƙashi ma yana raguwa. Matashiya za ta iya mai da su. Tsohuwa kuwa da wuya, in nauyin ya dawo ma kitse zalla zai dawo. A fara da lemon kwalba, da sukarin shayi da na koko, da yawan soye-soye, da girman malmalar tuwo ko teba. Kada a taɓa wake da kifi da ƙwai da nono. Shayin rage ƙiba da a ke talla a kasuwa da tasha, da yawansa gudawa da fitsari kawai ya ke sa mutum, ruwa ke fita ba kitse ba, tsohuwa kuwa ba ta jure rashin ruwa. Haka nan ƙwayoyin sa ƙiba da a ke ce wa sha-ka-fashe. Waɗansunsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya tada sukari da jini, ya cinye ƙashi. Kada a ba ramammiyar tsohuwa su da sunan taimako.

Abinci da motsi

Tsohuwa ba ta bukatar yawan abinci kamar da, amma tana bukatar mai gina jiki fiye da da. Babban mutum giram 0.8 na furotin ya ke bukata a rana ga ko wane kilo na nauyinsa. Ga tsofaffi kuwa, wani taron masana a 2013 ya ba da shawarar giram 1.0 zuwa 1.2. Mai kilo 60 ke nan tana neman giram 60 zuwa 72, sai fa mai ciwon ƙoda, ita likita ne zai yanka mata nata. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Kofin nono ko madara kamar 8. Giram 100 na busasshen wake ko gyaɗa yana da fiye da 20. Garin rogo kuwa kusan babu kome a cikinsa ta wannan fanni. A nan inda mu ke, teba da doya sun fi tuwon dawa da gero samuwa, hatsi kuwa ya fi rogo furotin nesa ba kusa ba, sabo da haka tsohuwar da ta dogara ga teba, miyarta ce za ta ɗauki nauyin: agushi, da kifi busasshe da aka daka, da daddawa, da ganye irin su zogale da alayyafo. Ga marar haƙori abin da ya dace ba shi da wuyar samu. Akwai alala, da faten wake, da awara, da kunun gyaɗa, da fura da nono, da dafaffen ƙwai. A raba mata sau huɗu ko biyar a yini, ya fi a tara mata tuli guda da dare. A riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba, gama jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa. Gishiri kuwa kada ya wuce giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokalin shayi guda, a tuna kuma dunƙulen Maggi yawancinsa gishiri ne.

Abinci kaɗai ba ya gina tsoka, sai an sa ta aiki. Nan ne ladabinmu ke yi mana illa ba mu sani ba. Tsohuwa ta ɗauki tsintsiya, a ce, "Haba Inna, kawo, zauna ki huta." Ta miƙe za ta maƙwabta, a ce a kira mata mai babur. Da kyakkyawar niyya a ke yi, amma ƙafar da aka zaunar shekara biyu ba ta tashi kuma. Aiki mai nauyi kamar ɗaukar jarkar ruwa a karɓe mata. Shara, da tsintar wake, da 'yar wanki, da tafiya gidan suna ko kasuwa, a bar mata abinta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga waɗanda suka kai 65 ita ce aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, watau rabin awa sau biyar, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, da na koyon tsayuwa daram kwana uku don gudun faɗuwa.

Ga wani gwaji da za ku iya yi wa Kaka a wannan hutu. A samo kujera mai ƙarfi wadda ba ta da hannu, a jingina ta da bango. Ta zauna, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta tashi tsaye ta koma ta zauna sau biyar a jere, wani yana tsaye kusa don ya tare ta, wani kuma yana duban agogo. In ya ɗauke ta fiye da daƙiƙa 15, ko ba ta iya ba sai da dafawa, ƙarfin ƙafarta ya ragu. Wannan tashi da zama shi ne kuma maganin. Ta riƙa yinsa safe da yamma, tana ƙarawa kaɗan kaɗan. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta nauyinta da ƙugunta da daƙiƙoƙinta ko wane wata uku, a sikeli guda, da safe, da tufafi marasa nauyi. In an je asibiti a tafi da littafin.

Ga aiki ga masu shirin fita koyarwar gwaji, za su iya ba 'yan ajinsu ma a darasin lissafi. A ce akwai wata Goggo 'yar shekara 72, tsawonta mita 1.50. Bara war haka nauyinta kilo 54, bana kilo 50, ba ta kuwa canza kome da gangan ba. A ce kuma akwai wata Inna 'yar shekara 68, tsawonta mita 1.58, nauyinta kilo 68 tun shekara goma da suka wuce, ƙugunta santimita 78. Ku fitar da lambar Goggo ta bara da ta bana, da kashi nawa cikin ɗari ta rasa. Ku fitar da lambar Inna, ku gwada ƙugunta da rabin tsawonta. Sa'an nan ku rubuta abin da jadawalin bango zai ce a kan ko wace ɗaya, da wadda ku za ku fara kaiwa wurin likita, da dalilinku. Wanda ya gama ya kai amsarsa wurin Edita kafin ƙarshen zango.